Ba Komai, Alhaji

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har wata baiwar Allah tana tambaya ko an sa ranar ne na ɓuya. Ba a sa ba. Ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau, ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar sau biyu na sha ruwa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Khaula, a Gwarinpa muke zaune, daga ni sai mahaifiyata Hajiya Uwani, wadda muke kira Umma. Abbanmu ya rasu yau kwana hamsin da shida. Umma tana cikin takaba, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Shi kuwa Tawfiq da yake nemana, mai zanen gine-gine ne, kowa Injiniya yake ce masa duk da ya gaji da bayanin cewa shi ba injiniya ba ne. Magabatansa sun zo gaisuwa tun Abba yana da rai, bayan rasuwarsa aka tsaya a kan za a sa rana idan Umma ta fita takaba.

Bari in fara muku da bayan gidanmu, don in ba ku san shi ba za ku ce a kan ɗan fili nake neman kashe aurena tun ba a ɗaura ba.

Gidanmu ba bene ba ne, irin ƙananan gidajen nan ne da aka sayar wa ma'aikata. A bayansa akwai ɗan tsakar gida, taku goma sha biyu ne tsawonsa, na sha aunawa ina yarinya. Akwai lemun tsami da Abba ya dasa shekarar da aka haife ni, da zogale uku, da igiyar shanya, da wata tsohuwar kujerar ƙarfe da ba mai zama a kanta sai shi. Lokacin da suka tare, Umma ta ce ita ba za ta iya zaman gidan da mai wucewa zai hango kanta ba. Washegari Abba ya tafi kasuwar Dei-Dei ya sayo bulo, aka ƙara wa katangar layi uku. Tun daga ranar, nan ne Umma take cire ɗankwali. Nan take tsefe kai, nan ake mata kitso, nan take shan iska da ɗaurin ƙirji idan zafin bazara ya matsa. Yanzu da takaba ta tsare ta, nan ne kaɗai take ganin sama.

Ranar Litinin da hantsi ina wanke shinkafa sai ga Madam Justina, maƙwabciyarmu ta hannun hagu. Nas ce mai ritaya, shekara ashirin muna miƙa wa juna abincin salla da na Kirsimeti ta kan katanga. Ta shigo da takarda a hannu, gilashinta a kan hanci.

"Khaula, ka ga wannan? Gidan baya ɗin nan da aka sayar, za su rushe shi su yi bene hawa huɗu. Ɗaki-ɗaki na haya, mutum ya kwana biyu ya tafi. Na je ofis, na ga zane da idona. Taga goma sha shida, duka yana kallon bayan gidanmu da naku. Ko wanka zan yi wa karena sai da 'yan kallo."

Na yi dariya, amma hannuna ya tsaya a cikin ruwan shinkafar.

"Sun ba maƙwabta zuwa Juma'a, wanda bai yarda ba ya rubuta. Ni na rubuta nawa. Ku ma ku rubuta, murya ɗaya ba ya isa."

Abin da Madam Justina ba ta sani ba, na san wanda ya sayi gidan. Alhaji Audi ne, babban mai sayar da kayan gini a Dei-Dei, kuma kawun Tawfiq, wan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Da aka ce ya saya har murna muka yi. Ƙawayena suna ta tsokanata wai gidan amarya ne, zan riƙa karɓar miyar Umma ta kan katanga. Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, na ɗan saka hakan a raina.

Talata na saka doguwar riga baƙa da mayafi ruwan toka, na tafi ofishin da ake duba takardun gini. Aka nuna min teburin wata mata, Rosemary, mai fara'a, Hausarta irin ta mutanen Jos. Na faɗa mata lambar gidanmu. Ta jawo fayil, ta lashi yatsa tana buɗewa, sai ta ɗago.

"Gida na sha ɗaya? Ai ku kun riga kun yarda."

"Mun yarda da me?"

Ta juyo min da takardar. Da Turanci aka buga ta. Tana cewa mai neman izini ya ziyarci mai gida na sha ɗaya, ya sanar da ita aikin, ita kuma ta ce ba ta da wani ja. Ga kwanan wata a ƙasa. Na daɗe ina kallon kwanan watan nan kafin ya zauna min. Ranar addu'ar bakwai ɗin Abba ce.

Sai komai ya dawo min. Falo cike da maza, Umma a bayan labulen ɗakinta, ni ina kai ruwa. Alhaji Audi ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo, da zai tashi sai ya ɗan karkata wajen labulen ya ce, "Hajiya, in Allah ya yarda za mu ɗan taɓa gini a bayanku, kada ku ji ƙarar aiki ku ce ba a faɗa muku ba."

Umma, da muryar da kuka ya cinye, ta ce, "Ba komai, Alhaji. Allah ya sa albarka."

Shi ke nan. Abin da aka ɗauka aka mayar Turanci aka saka a fayil ke nan.

Ku da kuka sha Hausa a nono, ku faɗa min. Mace a taka mata ƙafa a kasuwa har farce ya fashe, me take cewa? Baƙo ya fasa miki kwanon da kika gada wajen kakarki, me kike cewa? To ballantana mai takaba, kwana bakwai da binne mijinta, ga wanda zai zama surukin 'yarta, a gaban jama'a. Wannan ba amincewa ba ce. Kara ce. Kowane yaron goye ya san bambancinsu.

Na sauke idona ƙasan takardar, wurin shaida. Sa hannun na san shi kamar yadda na san tafin hannuna, da shi ake rufe min kowane kati tun shekara biyu. Na duba kusurwar babban zanen da ke naɗe a fayil ɗin. Sunan dai ɗaya ne. Tawfiq.

Rosemary ta lura da fuskata. Ta rage murya. "Ƙanwata, wannan maganar baki ce, ba sa hannun mamanki ba ne. In ita mai gidan ta rubuto da kanta cewa ba ta yarda ba, za mu sa a fayil kafin a zauna a kai. Amma ita za ta sa hannu, ba ke ba. Kuma Juma'a ƙarfe sha biyu muke rufewa."

A cikin motar haya na tura masa saƙo.

"Na je ofishin gine-gine. Na ga sunanka."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Har muka wuce gada biyu.

"Zan zo gobe bayan la'asar. Don Allah kada ki yanke min hukunci."

"Allah ya kai mu."

Ban saka masa 'yar zuciyar nan da nake sakawa a ƙarshe ba. Shi ma bai saka ba.

Amma Baffa Abdulbaƙi ya riga shi zuwa. Ƙanen Abba ne, shi ne waliyyina yanzu, babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya. Laraba da safe kafin ya wuce ofis ya tsaya, farar shaddarsa tana ƙara, bai ma karɓi shayin da na kawo ba.

"Khaula, me ya kai ki ofishin hukuma ba da sanina ba?"

Na durƙusa. "Baffa, tambaya kawai na je yi."

"Tambayar da ta isa kunnen Alhaji Audi kafin magariba. Kin san wane ne shi a wurin yaron nan? Shi ne uba. Shi zai karɓa masa aurenki. Ki kai ƙarar uban miji tun ba a shafa fatiha ba?"

"Ba ƙara ba ce, Baffa. Hukuma ce ta ce maƙwabci ya faɗi ra'ayinsa."

"A kunnen mutane duk ɗaya ne. In tagogi ne damuwar, ni zan sa a kafa rumfar kwano a rufe bayan gidan gaba ɗaya. Kwana biyu an gama."

"In an rufe, ta ina Umma za ta ga sama?"

Ya kalle ni kamar na yi wani yare. Ba mugu ba ne Baffa, kada ku zage shi. Shi ya kwana uku a asibiti da Abba. Tsoro yake ji kada a ce 'yar marigayi ta rasa miji a hannunsa. Ya juya wajen labulen ɗakin Umma ya ɗaga murya kaɗan.

"Hajiya, ke kina da ja a kan ginin nan?"

Ina jin ƙarar carbinta. Ni kuma ina roƙon Allah a zuci.

"Ba komai, Alhaji."

"To kin ji." Ya miƙe yana gyara hula. "Kuma bari in faɗa miki yadda Alhaji Audi ya faɗa min. Ya ce in takarda ta fito daga gidan nan ta shiga fayil ɗinsa, zai ɗauka ba a son zumuncin ne, kowa ya riƙe nasa. Kin ji dai da kunnenki."

Bayan la'asar Tawfiq ya zo. Ban yi kwalliya ba, ko kwalli ban saka ba, atamfar da na wuni da ita na ɗora wa hijabi. Muka zauna a baranda kan kujerun roba. Ya ajiye robar fura da nono da yake sayo wa Umma wurin Fulanin Dei-Dei duk zuwansa. Wannan karon na kalli robar na ji wani iri.

"Ranki ya daɗe," ya ce.

"Injiniya."

Ya sunkuyar da kai. Ya san ba na kiransa haka sai an ɓata.

"Zanen farko da na yi, titi tagogin suke kallo. Kawu ya ce gefen titi rana ce da hayaniya, masu haya iska suke so. Sai na juya su."

"Ka san abin da ke bayan katangar?"

"Ban taɓa shiga ba, kin sani. Na san dai akwai bishiya. Na saka ta a zanen."

"Na gani. Ɗan da'ira kore."

Na ƙara da wata tambayar.

"Takardar fa?"

"Khaula, ina wurin. Da kunnena na ji Umma ta ce ba komai. Abin da ta faɗa na rubuta, wallahi ban ƙara ba, ban rage ba."

Na kalli takalminsa, duk jar ƙasar wurin aiki. Sannan na ce, "Ka tuna ranar da aka kwantar da Abba a asibiti, na kira ka sau huɗu kana Gwagwalada ba ka ɗauka ba? Da ka kira daga baya kana ba ni haƙuri, me na ce maka?"

"Kin ce ba komai."

"Ka yarda?"

"A'a." Muryarsa ta yi ƙasa. "Washegari da sassafe na zo asibitin, na tsaya a ƙofa har azahar kafin ki kula ni."

"Ashe ka iya Hausa."

Na ga maganar ta shige shi. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta, abin da ban taɓa ganin ya yi a gidanmu ba.

"Tun ina shekara tara yake riƙe da ni," ya ce. "Ban taɓa ce masa a'a ba. Ban ma san ta inda ake farawa ba."

"Umma ma haka. Shi ya sa kuka dace da ita."

"Kin san abin da zai faru in takardarku ta shiga?"

"Baffa ya faɗa min."

"To me kike so in yi?"

Allah ya sani ina da amsoshi goma a bakina. Amma na ga in ni na faɗa masa, to ya sake bin umarni ne kawai, ya canza mai ba shi. Na ce, "Ba ni zan faɗa maka ba." Ya zauna kaɗan, ya ce in gaida Umma, ya tafi. Na tsaya a bakin ƙofa har ƙarar motarsa ta ɓace, ina jin kamar an zare min wani abu a ƙirji da hannu.

Ranar Alhamis abin da ya karya min zuciya ya faru. Da hantsi Umma ta wanke kanta, ta zauna a tabarma ƙarƙashin lemun tana shanya gashinta, furfurar nan tata har kafaɗa. Ina kicin. Sai na ji muryar namiji daga sama: "Sannu Mama." Wani ma'aikaci ne da aka turo awo, ya hau ƙarfen tankin ruwan gidan baya da igiyar awonsa. Bawan Allah bai nufi komai ba, gaisuwa ya yi.

Na leƙo na ga Umma ta fizgo jiƙaƙƙen zani daga igiya ta rufa a kanta, ruwa yana zuba mata a wuya, ta shige ɗaki tana tuntuɓe, ta bar takalminta ɗaya. Matar da ban taɓa ganin ta yi gudu ba. Mutum ɗaya ke nan, a kan tanki. Na tsaya ina lissafa taga goma sha shida.

Da yamma ta naɗe tabarmarta ta shimfiɗa a lungun da ke tsakanin ɗakinta da banɗaki, inda ba taga. Na rubuta takardar ƙin yardar da sunanta, na je shago aka buga min, na ajiye mata a kan durowa kusa da Alƙur'aninta, da biro a kai. Ba ta tambaya ba, ni ma ban ce komai ba.

Juma'a da safe, wajen ƙarfe tara, na ji ta kira ni daga bayan gida. Na same ta da hijabinta har ƙasa, zaune a kan kujerar Abba. Ban taɓa ganin ta zauna a kanta ba, ko yana raye ko bayansa. Takardar tana kan cinyarta.

"Zauna. Karanta min ita da Hausa, kalma bayan kalma. Kada a sake fassara ni ban sani ba."

Na zauna a ƙasa na karanta. Cewa ita Uwani, mai gida na sha ɗaya, ba ta hana kowa gini a filinsa ba. Cewa ba ta yarda a buɗe tagogi a kan tsakar gidanta ba. Cewa maganar da aka jingina mata, gaisuwar makoki ce, ba izini ba.

Ta ɗaga kai ta kalli katangar. Layi ukun nan na sama har yau launinsu ya bambanta da na ƙasa.

"Sau ɗaya na faɗa wa mahaifinki," ta ce. "Sau ɗaya tak, ina wanke-wanke, ban ma zaci ya ji ba." Ta share ido da gefen hijabi. "Mu ba a koya mana cewa a'a ba, Khaula. In na buɗe baki, wata kalmar ce take fitowa. Amma na iya rubuta sunana."

Ta ɗauki biron, sai ta tsaya.

"In suka fasa auren fa?"

"Ba komai, Umma."

Ta ajiye biron. Ta kamo haɓata ta ɗago fuskata kamar ina 'yar shekara biyar.

"Ni za ki yi wa wannan? A bakina kika koye ta. Faɗa min gaskiya."

Sai hawayen da na riƙe tun Talata suka zubo. "Zai yi min ciwo, Umma. Ina son sa. Ban san yadda zan yi ba in ya tafi."

"To yanzu na ji ki. In kin ce in yaga, wallahi yanzu zan yaga, in zauna a ɗaki. Ɗaki bai taɓa kashe kowa ba."

Na kalli lemun Abba, na kalli takalminta ɗaya da har yanzu yake yashe a inda ta bar shi jiya.

"A'a, Umma."

Ta yi bisimilla, ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, tana danna biron kamar mai dasa iri.

Madam Justina ce ta kai ni a tsohuwar motarta, tana faɗa da duk mai keke-napep ɗin da ya gifta. Sha ɗaya da kwata muka isa. Na hau matattakala da ambulan a ƙirjina, na sha kwanar da za ta kai ni ofishin Rosemary, sai ƙafata ta tsaya.

Tawfiq ne zaune a kan bencin jira, da farin kaftaninsa na Juma'a. A gefensa doguwar takardar zane a naɗe, a hannunsa ambulan irin tawa. Wayarsa tana kan gwiwarsa tana ta haske, daga inda nake ina iya karanta sunan mai kiran: Kawu. Idanunsa sun nuna bai yi barci ba.

"Me ka zo yi?" na ce.

"Gyaran fassara. Na zo janye shaidar da na sa wa hannu."

Wayar ta katse, ta sake ɗauka. Ya kalle ta, ya kife ta a kan bencin, ya miƙe.

A daidai lokacin tawa ta yi ƙara a jaka. Saƙo ne daga Baffa.

"Ga mu a falonku ni da Alhaji Audi. Ya zo ya ji daga bakin Hajiya da kansa. Kada ki miƙa komai, ki dawo gida yanzu."

Rosemary ta buɗe ƙofa ta leƙo. "Waye na gaba?"

Muka shiga tare. Na ajiye tawa, ya ajiye tasa a kanta. Ta ɗaga hatimi ta buga sau biyu, ƙarar ta cika ɗakin.

A can gida kuwa Umma tana bayan labule ita kaɗai, ba ni, ba Abba. Alhaji Audi ya yi tambayarsa, ya gyara zama, yana jiran kalmar da ya saba ji.